Waƙa ta Bakwai

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan maza a zangon karatun bara, da wuya a ce bai taɓa jin wani kiɗa mai tayar da tsigar jiki yana fitowa daga wayar wani ba, musamman idan an ɗauke wuta. Wasu suna ce masa kiɗan aljanu, wasu kuma su ce "na yaron Jibiyar nan". To, ni ne yaron Jibiyar. Har yanzu idan na shiga wurin cin abinci sai an sami mai tare ni ya ce in tura masa, ni kuma in ce wayata ba caji. Ƙarya nake yi. Tunda saura 'yan watanni mu karɓi difloma mu bar makarantar nan, na ga gara in faɗi yadda abin ya kasance, in huta da ƙaryar caji.

Abin ya faro ne a watan Oktoba na shekararmu ta farko. Ina neman kiɗan da zan sa a ƙarƙashin wani ɗan aikin murya da aka ba mu, sai na faɗa kan wasu kundayen kiɗa na Turawa waɗanda ba rawa a cikinsu, ba soyayya, ba ma mai rera komai. Daga ƙarar ƙofa sai kukan iska, sai ƙararrawa can nesa, sai wani fiyano mai tafiya a hankali kamar mai sanɗa. Na wasu mutanen jihar Ohayo ne ta Amurka da ake kira Midnight Syndicate, waɗanda tun ƙarshen shekarun 1990 sana'arsu ke nan: haɗa kiɗan tsoro da ake kunnawa a gidajen wasan da mutane ke biyan kuɗi su shiga a razana su. Na saurara da iyafis, a ɗaki mai mutum shida, amma sai da na waiwaya bayana.

Da na bi diddigi sai na ga duk abin yana rataye ne da bikin Halowin da suke yi a daren 31 ga Oktoba. Asalinsa tsohon bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sukotilan, waɗanda suka ɗauka cewa a wannan dare shingen da ke tsakanin masu rai da matattu yana yin sirara. Daga baya ya haɗu da jajiberin wata ranar coci, sannan 'yan ƙaura suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Yau yara ne ke shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alewa, ana fafe kabewa a sa mata fitila a ciki. Salon tsoron da suke kira gotik kuwa, na tsofaffin gidaje da maƙabarta da fatalwa, daga littattafai ya fito, tun daga wanda Horace Walpole ya buga a 1764 har zuwa Dracula na 1897. Kiɗan ma yana da nasa tarihin. John Carpenter da kansa ya haɗa kiɗan fim ɗinsa Halloween na 1978, ya gina shi a kan bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba, shi ya sa mai sauraro ba ya samun wurin sauke numfashi. Ko Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982, da muryar wani tsohon ɗan wasan finafinan tsoro, Vincent Price, aka rufe waƙar.

Ina gama karanta wannan sai na yi dariya. Yara su yi shigar ban tsoro ko ta ban dariya su bi gida-gida da dare a ba su ɗan abu? Ai tashe ke nan. Mu ma daga goma ga azumi muke shafa bula da gawayi, mu liƙa gemun auduga, mu bi unguwa ana ba mu gero da 'yan kuɗi. Fatalwa kuma wa zai koya mana? Mu da muka tashi ana hana mu wucewa ta gindin tsamiya da tsakar rana, ana cewa kada a zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ana rufe mana baki idan mujiya ta yi kuka a kan katanga? Muna da Dodo, muna da Doguwa, muna da mayu. Sai na ce a raina, in dai kayan tsoro ne, rumbunmu ya fi nasu cika. Abin da ba mu yi ba shi ne mu zuba shi a kundi.

Damar ta zo lokacin da aka sallame mu zuwa horon sanin makamar aiki. Na samu wuri a cikin Katsina, kuma da yake Jibiya ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba, duk ƙarshen mako ina gida. Kayan aikina ba su wuce tsohuwar kwamfutar yayana mai FL Studio a ciki ba, sai wayata, sai wata safa da nake sa wa wayar a baki don kada iska ta ɓata sauti. Caji kuwa a shagon mai sola nake yi.

Wata uku na yi ina farautar sauti. Ƙyauren zaurenmu da Baba ya shekara yana cewa a sa masa mai, na roƙi kada a sa tukuna. Na ɗauki dakan ƙannena mata, na rage masa gudu a kwamfuta har ya koma kamar takun wani ƙaton abu a bayan gida. Na je bakin madatsar ruwa gab da magariba na ɗauki kukan kwaɗi, na dawo da sauri kafin duhu. Na ɗauki ƙarar guga tana sauka cikin rijiya, da kukan jaki, wanda idan ka juya shi baya ka ƙara masa kauri, wallahi ko mai jakin ba zai tsaya ba. Ƙanwata ta kaɗa mini shantu sau ɗaya, ta ce in biya ta, na biya.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne mai goge. A kasuwar Lahadi na same shi, wani dattijo da ya tsallako daga wajen Ɗan Isa, gogensa a cikin jakar fata. Na zauna ina kallon yadda yake shafa ƙaro a jikin izgar kafin ya fara, ƙwaryar a rufe da fatar guza da ta yi baƙi saboda daɗewa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka kaɗa mini irin wanda ake yi wa 'yan bori."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Na wa daga cikinsu?"

Na ce ko na wa.

"Yaro, kowane da nashi take. Ba a kiran baƙon da ba a shirya ma masauki ba. In ya zo, kai za ka sallame shi, ko wayar taka?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. A ƙarshe ya yarda ya ja mini izgar a hankali, dogon ja ba tare da taken kowa ba, kamar minti huɗu. Ya karɓi kuɗinsa yana mitar da ma sefa ce. Wannan jan gogen shi ne ƙashin bayan kundin gaba ɗaya.

Zuwa tsakiyar Oktoba na haɗa guda shida. Na kunna wa abokaina biyu a gida. Suka saurara, suka yaba, ɗaya ya ce ta rijiyar ta yi kyau, amma na lura ko gezau ba su yi ba. Ɗayan ma gyaɗa yake ci. Da na matsa masa sai ya ce, "Kai, wa ke tsoron aljani yanzu a garin nan? In dare ya yi, ka san abin da kunnen kowa ke saurare."

Na sani kuwa. Duk ɗan Jibiya ya sani. Wanda bai zauna a wajenmu ba zai ji labarin 'yan bindiga a rediyo kamar lissafi: an kashe kaza, an sace kaza. Mu a kunne muke ajiye shi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare. A watan Satumba aka yanke sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13, har da tamu, muka koma neman layukan Nijar, mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama don ya ji ko 'yan'uwansa na ƙauye sun kwana lafiya. Tun daga lokacin, dare a wajenmu ya yi shiru irin wanda ƙarar babur ɗaya ke iya tsaga shi. Babur ɗaya, sai a ce mai larura ne. Biyu, a kasa kunne. Idan suka yi yawa, ba mai tambayar kowa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya na je tasha da rana tsaka na ɗauki ƙarar baburan 'yan acaɓa guda huɗu. Da dare na zauna na ninninka su har suka koma kamar ashirin. Na fara da kwaɗi da gyare, dare lafiya lau. Sai ƙarar ta taso can ƙasa-ƙasa, kamar kunnenka ne ke yi maka gizo. Sai kare ɗaya ya yi haushi. Sai kwaɗin suka yi tsit. Ƙarar ta yi ta matsowa daga kunnen hagu zuwa na dama, har ta iso kamar ƙofar gida, sannan duk injinan suka mutu lokaci guda. Na bar daƙiƙa goma ba komai. Shi ke nan waƙa ta bakwai. Ba goge a cikinta, ba harbi, ba ihu. Ban nemi shawarar kowa ba wajen haɗa ta, domin na san yadda ya kamata ta yi ƙara. Na taɓa jin ta gaske, ina kwance a ƙarƙashin gado da ƙanena a ƙirjina.

Na sa wa kundin suna Bayan Isha'i, na sake shi a zauren WhatsApp na ajinmu daren 31 ga Oktoba.

Ku da kuke nan kun san sauran. Cikin mako guda ya zaga ɗakunan kwana. Wani ya sa wa abokinsa a kunne yana barci aka kusa dambe. 'Yan wasan kwaikwayo suka roƙi ta rijiyar. Wata 'yar ajinmu ta ce ta kasa fita alwala saboda ni, na ji daɗi kamar an ba ni kyauta. Amma wadda kowa ke magana a kai ita ce ta bakwai. Wani ɗan Kano ya ce mini bai san dalili ba, amma ita ce ta fi kama shi. 'Yan Batsari da Safana da Ƙanƙara kuwa, yanzu da nake tunawa, ba wanda ya yaba mini ita a cikinsu. Ɗaya ya cire iyafis ɗin tun ba ta kai rabi ba, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka iya." Na ɗauka yabo ne.

Suka ma ta zo. Wani ɗan ajinmu mai yawan zama a masallaci ya same ni, cikin mutunci, ya ce bikin nan ba namu ba ne, kuma wasa da sha'anin aljanu ba abin yi ba ne. Na kawo masa hujjar tashe da tatsuniya, na ce duk abin da ke cikin kundin daga gidanmu na ɗauko shi, har na ba shi labarin yadda mai goge ya ƙi kaɗa taken kowa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, in naku ne, me ya sa ka jira daren 31 ga Oktoba?" Ban da amsa a ranar. Yau ina da ita, kuma ba mai daɗi ba ce: so nake in ji ni ma ina cikin abin da duniya ke yi a daren. Na zaci wannan ce suka mafi nauyi da zan fuskanta.

A gidanmu akwai Goggo, ƙanwar Baba. Shekara uku ke nan tana zaune da mu da 'ya'yanta, tun daren da aka shiga ƙauyensu. Mijinta ya fita ya ga abin da ke faruwa, bai dawo ba. Ba ta cika magana a kai ba, mu ma ba ma tayarwa. Tana ƙuli-ƙuli tana sayarwa, tana dariya idan an yi abin dariya.

Ni ban taɓa tura kundin gida ba. Amma abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu. Wani ya kai shi wurin masu tura waƙoƙi a tasha, daga nan ya faɗa wayar ƙanena, wanda ya cika da alfaharin yayansa ya yi suna. Wani dare bayan an ci tuwo, ya aro sifika ya ajiye a bayan ɗakin girki don ya tsorata ƙannenmu mata. Ya zaɓi ta bakwai saboda ita ce ba ta da kiɗa, ba za a gane ba.

Ba na nan. Washegari Baba ya kira ni, kuma Baba ba ya kira sai dai a kira shi. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Ka zo gida."

Abin da aka faɗa mini shi ne, tun kafin ƙarar ta iso kusa Goggo ta suri autarta, ta haura katangar baya, katangar da ko ni sai na taka turmi nake hawa. Ta faɗa gidan maƙwabta, ta gurɗe ƙafa, ta ja jiki ta shige bayan rumbu ta toshe wa yarinyar baki. Maƙwabtan da suka ji faɗuwarta su ma suka fara kwasar yara. Kafin a gane sifika ce, gida uku sun watse. An fi awa ana kiran Goggo ba ta amsa ba, domin a wancan daren ma da sunanta aka yi ta kira.

Na isa da la'asar. Ƙanena ya sha dukan da rabinsa nawa ne. Baba ya zaunar da ni a zaure, bai ɗaga murya ba. "Mun tura ka ka koyo abin da za ka taimake mu da shi. Ashe abin da ya kore mu daga barci ka je ka koyo haɗawa." Na shiga wurin Goggo, ƙafarta a ɗaure da tsumma, na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, ɗana, ai ba ka sani ba." Wannan ta fi dukan ciwo, domin na sani. Saboda na sani ne ma abin ya yi kama da gaske.

Da dare na je ɗakin Iya, kakarmu, wadda a bakinta na fara jin sunan Dodo. Tsakanina da ita wasa ne, maigida take ce mini. Ranar ba ta tsokane ni ba. Na ce mata, "Iya, ke ma fa kin sha tsorata mu. Har fitsarin kwance na yi saboda Dodonki."

Ta ce, "Na tsorata ku. Amma ina kallon idonku. In na ga ɗaya ya fara rawar leɓe, sai in kashe Dodon tun lokacinshi bai yi ba, in sa Gizo ya yi wauta a yi dariya. Kuma ban taɓa ba ku labarin abin da ya ci wani a gidan nan ba. Kai da ka ba da taka, idon wa kake kallo?"

Na yi shiru. Ta jawo bargonta ta ce in tashi in ba ta wuri, maigidan da ba ya kawo cefane sai fitina.

Tun daga ranar nake juya maganar nan. Mutanen Ohayo suna sayar da tsoro ga wanda ya sayi tikiti da ƙafarsa, ya san akwai ƙofar fita, ya san in ya fito zai sayi abin sha ya tafi gida. Ɗan tashe ma kowa ya san ɗan gidan wane ne a bayan gemun audugar. Waƙoƙina shida na farko irin wannan ne, kuma har yau ba na jin kunyarsu. Ta bakwai kuwa na ɗauko ta ne daga daren da wasu ba su fita daga cikinsa ba tukuna, na miƙa wa waɗanda ba su taɓa shigarsa ba don su ji daɗi, na karɓi yabo. Ba na cewa kada a yi waƙa ko fim a kan abin da ke faruwa da mu. A yi, ya ma kamata a yi, kuma ina fatan wata rana in iya. Amma wanda zai yi ya fito fili ya ce ga abin da yake ba da labari, mai sauraro ya shiga da saninsa. Ni tarko na haɗa.

Washegari na bi shagunan masu tura waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su goge. Wasu suka goge a gabana. Wani ya ce sai na biya shi kuɗin cinikin da zai rasa, na biya. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke gefe ya ji abin da ake ciki, ya ce, "Samari, magana zarar bunu ce." Haka ne kuwa. Bayan wata biyu wani ɗan'uwanmu ya ce ya ji ta a wayar wani yaro a Maraɗi.

Ƙafar Goggo ta warke, ko da yake tana ɗan ɗingishi idan sanyi ya sauko. Ranar da zan dawo makaranta ta ƙullo mini ƙuli-ƙuli a leda kamar yadda ta saba, ta ce in gaida abokan karatu. Ba ta sake tayar da zancen ba. An ƙara wa katangar baya layi biyu na bulo, Baba ya ce saboda tsaro. Ƙyauren zaure kuma an sa masa mai.

Don haka ga roƙona, tunda mujallar nan tana shiga ɗakunan da ƙafata ba ta kaiwa. Idan Bayan Isha'i yana wayarka, duba ka gani ko guda bakwai ne. In bakwai ne, don Allah goge ta ƙarshen. Kada ka kunna ta a mota, kada ka kai ta gida hutu, musamman ku 'yan Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, ko da yake ku ba sai na faɗa muku ba. A ɗakin kwana ma ba ka san daga inda na gadon sama ya fito ba. Wanda kuma yake son guda shidan, ya same ni bayan lakca. Wayata da caji.